Muryar Muhuyi

Duk wanda ya daɗe a Zongon Kwatano ya san muryar Laouali Mai Kaset tun kafin ya riƙe fuskarsa. Murya ce mai kauri, mai jan jiki, kowace kalma sai ta gama shan iska kafin 'yar'uwarta ta fito. In ka gaishe shi da safe kana sauri, to ka haƙura da saurin, don kafin ya kai ƙarshen "lafiya lau" mai zem, ɗan acaɓan garin nan, ya gaji da jiranka ya ɗauki wani. Ni Safwana, tela, taubashinsa ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Larai, yayar babana ce, saboda haka da izinin tsokanarsa aka haife ni, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Katako guda ne ya raba shagona da nasa.

Ni dai haka na same shi. Lokacin da aka kawo ni daga Malanville koyon ɗinki, ya riga ya zama saurayi mai 'yan tsirarun gashi a haɓa, yana zaune bayan teburin kaset yana magana kamar limamin da ya ga jikokinsa. Na sha ce masa, "Wai kai maƙogwaron nan aro aka ba ka, da kake lallaɓa shi haka?" Sai ya dube ni, ya ɗauki lokacinsa, ya ce, "Gado ne, yaro." Kuma da gaske yake faɗa.

Mahaifinsa, Muhuyi, ɗan kasuwar albasa ne daga wajen Madawa. Ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Parakou tun Laouali bai fara tafiya ba. Hotonsa guda ne, shi ma wata damina ruwa ya shiga ɗaki ya cinye fuskar. Laouali ya tashi bai san tsayin ubansa ba, bai san kalar fatarsa ba. Yana ɗan shekara goma sha shida ne abokin mamacin, Alhaji Sadiƙ, ya kira shi ya damƙa masa kaset guda, ya ce, "Ubanka na ciki."

Ga yadda kaset ɗin ya samu. Ranar sunan Laouali ta dace da zuwan Arzika Mai Gurmi Kwatano, mawaƙin da 'yan albasa ba su da kamarsa a lokacin. Suka haɗu suka kawo shi ƙofar gida ya yi wasa. Yaran Arzika suka ɗauki wasan a kaset ɗinsu. Washegari, kafin motarsu ta tashi, Alhaji Sadiƙ ya ari kaset ɗin, ya haɗa rediyo biyu baki da baki, ɗaya na waƙa ɗaya na ɗauka, ya fitar da nasa. Na asalin ya koma gida tare da masu shi, ba a sake jin labarinsa ba. Arzika ya rasu, Alhaji Sadiƙ ma ya bi shi.

Wannan kaset ɗin shi ya zaɓa wa Laouali sana'a. Ya fara neman sauran waƙoƙin Arzika don ya ji ko akwai irinsa, daga nan ya faɗa cikin tsofaffin mawaƙa gaba ɗaya. Da zamanin kaset ya wuce, ya koma zuba wa mutane waƙa da wa'azi a memorin waya, amma sunan Mai Kaset bai bar shi ba, kwalayen ma ba su bar shagon ba. Kowace Lahadi bayan la'asar yana da majalisa. A jera benci, a ɗora shayi, a sa waƙa guda cikin ɗauka biyu ko uku, a saurara, a yi gardama. Dokarsa ita ce ba a magana sai waƙa ta ƙare, kuma kekena dole ya tsaya, ko da rigar amarya ce a ƙarƙashin allura. Na sha zagi daga masu kaya saboda dokar nan.

Ba zan rage masa ba, mutumin nan yana da kunne. Zai gaya maka a wace ɗauka aka sauya mai kalangu, a wacce ɗan amshi guda ke fama da mura. Waƙar Matafiya ta Arzika, wadda ita ce zuciyar majalisar, yana da ita kashi uku. Ta gidan rediyo, ya ce tsoro ne a cikinta, an kulle mutum a ɗaki an hana shi ko tari. Ta Maraɗi, ya ce rabinta kiran sunayen manya ne, waƙar tana leƙowa ne kawai tsakanin alhaji da alhaji. Ta Zongo kuwa, wato ta ranar sunansa, idan zai yi maganarta sai ya gyara zama. A nan, in ji shi, Arzika ya sauko, muryarsa ta yi nauyi, gurmin ya yi ƙasa, kiɗan ya daina gudu ya koma tafiyar manya. Har dalili yake da shi: wai iskar teku ce ta jiƙa tsirkiyar ta sassauta, mawaƙin kuma ya bi ta ƙasa. Na ce masa to ni ma in na kai kekena bakin teku zai yi mini ɗinkin manya ke nan. Bai kula ni ba.

A tsakiyar ta Zongo kiɗa yakan tsaya. Sanƙira, mai yi wa mawaƙi shela, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga uban yaro zai yi magana!" Sai a ji hayaniya, ana jawo mutum, don uban ɗan fari ɓuya yake yi ranar suna, abokai ne suka zaƙulo shi. Sai wata murya mai kauri ta ce a hankali, "Salamu alaikum. To, ni dai... na gode. Allah shi bar zumunci. Yaron kuwa... Allah shi raya shi. Shi ke nan." Sai 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sai guɗa, kiɗa ya dawo. Duk abin da Laouali ya mallaka na ubansa ke nan. Idan aka zo wurin kowa yakan ajiye kofin shayinsa, shi kuma leɓɓansa na motsi tare da kaset ɗin.

Matsalar ita ce Gwaggo Larai. Ita ta tsohuwar al'ada ce: ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi ido cikin ido. "Wancan" take ce masa, in tana da saƙo ta bakin wani take bi, yawanci bakina. Ranar da aka ba shi kaset ɗin, da gudu ya kai mata. Ita ranar suna tana can ƙuryar ɗaki da jariri, ba ta ji jawabin ba. Ta saurara har mutumin ya yi sallama ya ce "na gode", sai ta miƙe ta ɗauki butarta, ta ce wa bango, "Ba shi na ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma tun daga ranar in aka kunna kaset ɗin a gidan, ita ta fita.

Shekaru Laouali yana cewa baƙin ciki ne ya hana ta amsawa. Da haka aka zauna har ranar da Kamarou, mai sayar da tsofaffin tayoyi, wanda harshensa ya fi hankalinsa tsawo, ya kurɓi shayi a majalisa ya ce, "To, mai ɗaki ta ce ba mijinta ba ne, sanƙira kuma ya ce ga uban yaro. Mu dai 'yan kallo sai mu yi shiru." Wallahi dutsen guga na hannuna a lokacin, Allah ne kawai ya riƙe ni. Laouali ya miƙe. Ya kashe rediyo, ya kwashe kofuna, ya rufe shago. Amma maganar ta riga ta fita, ta zaga Zongo ta dawo da ƙari. Bai yi fushi da Kamarou yadda ya yi da mahaifiyarsa ba, don a ganinsa kalma guda daga bakinta ta isa ta kashe zancen, ta ƙi faɗa. Ya kwashe iyalinsa ya koma haya a unguwar Zogbo. Ran Juma'a yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ya ajiye cefane, ya tashi. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina son su duka biyun, kuma kowannensu taurin kansa ya fi na ɗan'uwansa.

Ana nan, wata Lahadi cikin daminar bara, Ridwane direban babbar mota ya dawo daga arewa ya faɗo majalisa yana washe baki, waya a hannu.

"Malam Laouali, yau na kawo maka abin da za ka yi mini addu'a. Na kwana a Madawa, na haɗu da jikan Arzika. Sun tono kwalin tsohon, sun zuba komai a waya. Har da wanda aka rubuta wa Kwatano a jiki. Orijinal!"

Laouali ya miƙa hannu ya karɓa. Ya haɗa wayar da lasifika. Gurmi ya fara.

Waƙar ce, babu shakka. Tarin da wani ke yi a farko yana nan, kofin da ya faɗi yana nan. Amma da gudu take tafe. Gurmin ya hau sama, kalangu na tsalle, muryar Arzika tas, siririya, irin dai ta gidan rediyo da ta Maraɗi. Kowa a majalisa na satar kallon Laouali. Da aka doshi wurin da kiɗa ke tsayawa, sanƙira ya buɗe baki ke nan, sai ya fizge wayar daga lasifika.

"An taɓa ta," ya ce. "Yaran nan masu kwamfuta sun ƙara mata gudu."

"Wallahi a gabana aka..." in ji Ridwane.

"Na ce an taɓa ta."

Kamarou ya gyara hularsa. "Bon, ai ba abin faɗa ba ne. Kai ka ce taka ce gaskiya, direba ya ce tasa. Akwai mai raba gardama a unguwar nan, tana da rai, kunnenta ras. Ridwane, turo mini. Jibi mai ɗakina za ta shiga barka a layinsu, sai ta biya ta sa wa tsohuwa."

Na ce, "Kamarou, in matarka ta taka ƙofar Gwaggo da wayar nan, ni da kai ne."

Ya ce, "Mene ne abin tsoro, in dai ana da gaskiya?" Kafin in rufe baki Ridwane, wanda bai san dawan garin ba, ya riga ya tura masa. Majalisa ta watse ba a ko sha shayi na biyu ba.

Washegari Laouali ya buɗe ƙofa ɗaya kawai ta shagonsa. Ta jikin katako ina jin abin da yake yi. Ya sa nasa kaɗan, ya tsayar, ya sa na Ridwane daidai wurin, ya tsayar, ya koma. Masu son a zuba musu wa'azi suka zo suka tafi. Farkon waƙar yake ta maimaitawa, da guɗar da mata suka yi lokacin da Arzika ya shigo, amma ko sau ɗaya bai bari ta wayar ta kai ga jawabin ba. Na kasa ɗinki. Na ɗinke aljihun wando ta baki, na farke, na sake ɗinke shi haka.

Wajen azahar ya leƙo neman batir. "Ba ni pil ɗin tocilarka."

"Sun kusa mutuwa, ko haske ba sa yi."

"Su nake so."

Na bi shi da su. Ya sauko da wata tsohuwar rediyo daga saman kwali, ya cire mata wayar wuta, ya zura pil ɗin. Bai ɗauko ta Zongo ba. Ta gidan rediyo ya ɗauko, wadda ya shekara talatin yana cewa tsoro ne a cikinta. Ya danna. Kaset ya fara juyawa da ƙyar, kamar keke idan ƙafar tela ta gaji. Sai ga Arzika ya sauko. Muryarsa ta yi nauyi, gurmin ya yi ƙasa, kiɗan ya koma tafiyar manya. Babu teku a kusa da gidan rediyon nan, amma ga ta Zongo sak tana fitowa daga bakin lasifika.

Ya bar ta ta yi nisa kafin ya kashe. Ya zauna a kan kwali.

"Guɗar ce ta fara gaya mini," ya ce. "Iskar teku za ta iya sassauta tsirkiya. Ba za ta sassauta maƙogwaron mace ba. A nawa har mai guɗa ta yi ƙasa, har kofin da ya faɗi. Komai tare ya sauka." Ya shafa fuskarsa. "Rediyon da Alhaji Sadiƙ ya sa ta yi waƙar, da pil take aiki. An wuni ana biki da ita. Wadda ta ɗauka kuma a jikin wuta take. Shekara talatin, Safwana, ina tara dattawa suna yabon mataccen pil."

Ranar da na fi kowace rana samun abin tsokana ke nan tun da na zo duniya, kuma ko murmushi ban iya yi ba. Tausayinsa ne ya cika ni.

Na ce, "To ai alheri ne. Ka ga Gwaggo ba ƙarya ta yi ba, muryar ce aka ja. Sa jawabin mu ji."

"A'a."

"Don me?"

"In na ji, na rabu da wanda na sani. Kuma wannan ɗin ban san ko nawa ne ba." Ya ɗago ya dube ni. "In ta ji shi a daidai, ta sake cewa ba shi ba ne fa? Da ina da abin cewa, in ce baƙin ciki ne, in ce tsufa ne. Yanzu wannan orijinal ne. In ta ce a'a, to Kamarou ya yi gaskiya, kuma ba ni da uba ko a kaset."

Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na san Gwaggo, na san mutuncinta, amma Zongo ba ta tambayar abin da ka sani, abin da za ta maimaita take nema. Abu guda kawai na iya ce masa: gobe matar Kamarou za ta sa mata shi a gaban matan barka, ta kalli fuskarta, ta kawo rahoto. Gara mu riga ta.

Ya miƙo mini wayarsa, wadda Ridwane ya zuba wa waƙar, ya ce, "Kai za ka riƙe."

An yi ruwa da safe, layin gidan Gwaggo ya cika, sai da muka bi ta kan duwatsun da aka jera. Tafiyar ba nisa, amma sau biyu Laouali yana tsayawa wai takalminsa ya cire. Muka same ta a kan tabarma a bakin ɗakinta, tana yanka kuɓewa cikin faranti. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa, inda ya saba. Ta amsa gaisuwarsa tana kallon kuɓewa, ta ce mini, "Yau ba Juma'a ba. Lahiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Wani abu na kawo miki ki ji."

Ta ga wayar, ta ga fuskar ɗanta. Fuskarta ta rufe. "In abin wancan na, ɗauke mini shi. Na ji, na hwaɗi abin da na sani. Mi a ka so da ni kuma?"

"Ba shi ba ne, wani ne. Daga Madawa aka kawo."

"Ɗan nan, kak ka ɓata mini rai da rana tsaka."

"Gwaggo, don darajar babana. In kin ji kin ce in kashe, zan kashe, ba zan sake kawo miki ba har abada."

Ba ta ce to ba, amma ba ta tashi ba. Na tsuguna na ajiye wayar a gefen tabarma. Na so in tsallaka kai tsaye zuwa jawabin a huta, hannuna ya ƙi, sai na sa daga farko.

Gurmi ya fara. Wuƙar ta ci gaba da aikinta, ƙwas, ƙwas. Da guɗar farko ta tashi, sai wuƙar ta ɗan tsaya.

"Wagga guɗa ta Dela ta," ta ce, kamar da kanta take magana. "Allah shi jiƙan Dela."

Na waiwayi Laouali. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, kansa a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Waƙar Matafiya doguwa ce, ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar. Akuyar maƙwabta ta shigo ta fita. Wani mai zem ya yi ta danna oda a waje. Ni kuwa ina ta ƙirga baitocin da suka rage a zuciyata, ina fatan kada su ƙare.

Kiɗa ya tsaya. "Jama'a, ga uban yaro zai yi magana!" Hayaniya, ana jawo mutum.

"Salamu alaikum. To, ni dai... na gode."

Kalmomin ne, amma ba dattijon da muka sani ba. Wani saurayi ne, muryarsa siririya, yana sauri yana tuntuɓe. Shirun da muke ɗauka na natsuwar manya, ashe kunya ce ta shaƙe shi. Ya ce Allah shi raya yaron da gudu, kamar mai son ya ajiye kaya mai zafi, sannan ya fashe da wata 'yar dariya ta yaron da aka kama yana ɓuya. Babban ɗan Laouali ma ya girme wa mai muryar nan.

Wuƙar ta faɗi cikin faranti. Gwaggo ta sa bayan hannu ta toshe bakinta. Ban san ko kuka za ta yi ko tashi za ta yi ba. Kiɗa ya dawo, ba wanda ya motsa.

"Maido," ta ce.

Na mayar. Ta matso da kunnenta har ɗankwalinta na taɓa wayar. Da ya kai ga dariyar, sai ita ma ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Shi na. Wallahi shi na. Ji shi, kullum kamar ana bin shi da sanda. Ko sadakina da sunka zo biya, haka anka ce ya yi, ya gudu ya bar takalminai."

Laouali ya kifa goshinsa a kan hannuwansa. Kafaɗunsa na rawa. Ni kaina sai da na share ido da hannun riga, kuma a raina har na fara shirya abin da zan gaya wa Kamarou a gaban tayoyinsa. Can Laouali ya ɗago, ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, ki gafarce ni." Ya faɗe ta da muryar nan tasa, a hankali, mai kauri.

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Gwaggo. Ta ɗauki wuƙar, ta sake ajiyewa.

"Safwana, gaya ma wancan..." Sai ta girgiza kai. "A'a. Bari in hwaɗa mishi da kaina."

Ta juya ta fuskance shi. Tun da nake ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Kai kana tsammanin ƙiyayya ta sa nike tashi in kun sa abin ga? Shekarar da muryarka ta fashe, ina cikin ɗakin ga kana tsakar gida kana gardama da yara, na ji shi. Shi sak. Saurin, da dariyar, da komi. Na zauna nan ban iya tashi ba. Kullum da sahe sai in ƙi fitowa da wuri, don in ji ka kana magana ta bayan bango. Ban gaya ma kowa ba, wa zan gaya ma? Allah ya ɗauke mini shi, ya maido mini muryarshi cikin gidana. Ko shekara ba a yi ba sai Sadiƙ ya ba ka abin ga. Ka shiga ɗaki da shi, kana sawa kana maimaitawa, kana ja, kana dannewa. Ina ji kana kashe ta kaɗan-kaɗan. Na ce ba shi na ba, ba ka ji ba. Ni ko ba ni iya zama in yi gardama da ɗan fari."

Ta share fuskarta da gefen zane.

"Sau biyu na yi rashin mutumin ga. Na biyun kai ka ɗauke mini shi."

Laouali ya buɗe baki ya rufe. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga haɓa kaɗan, na gane abin da yake nema. Ya ce, "Inna." Kalmar ta fito da kauri, a hankali, yadda ta saba fitowa. Ya haɗiyi yawu ya sake gwadawa, ya matse wuya, ya yi sauri. Abin da ya fito ba na saurayi ba ne, na dattijo ne mai kwaikwayon yaro, shi kansa ya ji haka ya tsaya a tsakiya.

Gwaggo ta jira shi. Ta ba shi lokaci mai tsawo, kanta a karkace, kunnenta wajensa. Da ta ga ba abin da zai zo, sai ta jawo farantin kuɓewarta gabanta, ta turo mini wayar da yatsa.

"Sa mini na cikin nan," ta ce.